Ɗalibai 120, Tayil 120, Bango Ɗaya: Ta Ina Za A Fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar zane ce a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ina da ɗalibai 120 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ina so kowannensu ya ƙera tayil ɗaya da zai nuna shi wane ne, sannan mu haɗa su mu liƙa a katangar makaranta ta ɓangaren titi, ya zama adon unguwa baki ɗaya. Abu uku nake tsoro: kada aikin ya fito a hargitse, kada damina ɗaya ta cinye shi, kada kuma mutanen unguwa su ce mun zana abin da bai dace ba. Kuɗinmu kaɗan ne, kuma ba mu da tanderun gasa yumɓu. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Na daɗe ina aikin yumɓu, tun ina ɗalibi a Samaru, kuma na taya makarantu irin wannan aiki fiye da sau ɗaya. Tsoron nan uku duk na san su, biyu daga ciki ma sun taɓa faɗo mini. Idan na fahimce ki, kina son yara 120 kowa ya faɗi abin da ke ransa a ɗan filin da bai fi tafin hannu biyu ba, amma in an jera a bango a ga abu ɗaya ne, mai ƙarko, wanda mai wucewa zai tsaya ya kalla ransa bai ɓaci ba. Shawarata ita ce ki ɗaure gefe, ki saki tsakiya. Girman tayil, kaurinsa, launinsa da iyakarsa, waɗannan naki ne, ba a ja-in-ja a kansu. Abin da zai shiga tsakiya kuwa na yaron ne, kada ki sa masa hannu ko da kin ga za ki iya gyarawa.

Bangon Zariya ya saba da ado

Kafin ki taɓa yumɓu, ki fitar da yaran su ga garinsu. Ba baƙon abu kika kawo ba. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma adon cikinsa da hannu aka fitar a jikin ginin tun yana ɗanye. Fuskar fadar Zazzau ma kowane yaro ya santa. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, maginan Zariya na ƙarnin da ya wuce ba dagi kawai suke zanawa a fuskar zaure ba. Sun sa keke, sun sa agogo, sun sa takobi da mota, gwargwadon abin da maigidan yake alfahari da shi. Wato zanen gida tun asali hanya ce ta cewa "ga ni, ga abin da nake so", a bainar jama'a, kuma cikin tsarin da ido ya saba da shi. Abin da kike nema ke nan daidai.

Ki kai su su ga masu ɗinkin babbar riga na cikin birni, su dubi aska biyu da aska takwas da tambari, yadda mai ɗinki yake da 'yancin hannunsa amma ba ya fita daga tsarin rigar. Ki kuma ba su labarin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiya a nan Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka tsaya a kai shi ne mai zane ya ɗauki dabarar da aka koya masa a aji ya haɗa da abin da ya gada a gida. Yaro ɗan shekara goma sha uku zai gane wannan in kin faɗa masa da harshen da yake ji.

Abin da za ki ɗaure

Hargitsi a irin wannan bango ba daga bambancin zanen yara yake zuwa ba. Daga bambancin girma da yawan launi yake zuwa. In tayil ɗaya ya fi ɗan'uwansa da santimita ɗaya, layi zai karkace, kuma ido karkatar zai fara gani kafin zanen. Don haka ki sa kafinta ya yi miki firam na katako guda goma, duk awo ɗaya, kowane yaro a ciki zai danna yumɓunsa. Ni na fi son tayil ya ƙare a santimita 15 kowane gefe. Da shi da ratar santimita ɗaya a tsakani, yaranki 120 za su ba ki layi 8, kowanne da tayil 15 a kwance, wato fili mai faɗin mita 2 da santimita 39, tsayi kuma mita 1 da santimita 27, ban da iyakar da za ki zagaye shi da ita.

Launi kada ya wuce uku: jan yumɓun kansa, fari, da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Yara za su yi ƙorafi, za su ce suna son kore da shuɗi da ruwan hoda. Ki daure. In launi ya yi kaɗan, dole yaro ya nemi wata hanyar fitar da abin da yake so, ya tona, ya danna, ya ɗora, kuma a nan ne aikin yake yin daɗi. Rana tana faɗowa a kan tayil mai tudu da kwari ta yi masa inuwa, da safe kamanninsa daban, da la'asar daban. Sannan kowane tayil ya kasance da zagayen yatsa ɗaya a gefe wanda ba a taɓa ba. Wannan ɗan zagayen shi ne zaren da ke ɗinke bangon.

Abin da za ki saki

A nan ne nake ganin malamai suna kuskure, da kyakkyawar niyya. In kika ce wa yara "ku zana abin da ke nuna ku", rabin maza za su kawo miki tambarin kulob ɗin ƙwallon Turai, rabin mata su kawo fure iri ɗaya da zuciya. Ba laifinsu ba ne, tambayar ce ta yi faɗi. Ki ƙuntata ta. Wane abu ne a gidanku ya girme ka? Da wane kayan aiki ake neman abincin gidanku? Wane sauti kake fara ji in ka farka? Ki ba su mako guda, su je su tambayi kakanninsu, su zo da zane uku a takarda mai girman tayil ɗin, sannan kowa ya zaɓi ɗaya da kansa.

A wani aiki da na taya, wata yarinya mai shiru-shiru ta zo ba zane ko ɗaya, sai wani tsohon faifai a cikin jakar makaranta. Malamarta ta so ta yi mata faɗa. Yarinyar ta ɗora faifan a kan ɗanyen yumɓu, ta danna da tafin hannu biyu a hankali, ta ɗaga. Saƙar ta fito zagaye-zagaye, har da wurin da kabar ta tsinke aka ɗinke da zaren buhu. Ta ce na kakarta ne da ta rasu, da shi take rufe mata kwanon fura. Ba ta ƙara komai ba sai ɗigo uku na fari a tsakiya. Wani yaro kuma, ɗan mai shayi, layi ɗaya lanƙwasasshe ya yi daga kofi na sama zuwa kofi na ƙasa, yadda babansa ke sheƙa shayi. Da an ba su samfuri an ce su kwafa, da ba a ga ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Shi ya sa nake roƙonki kada ki zana misali a allo. Duk abin da kika zana, shi za ki gani sau 120.

Mutanen unguwa

Tsoronki na uku shi ya kamata ki fara kashewa, don shi ne wanda in ya auku ba ya gyaruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Tun zanen yana takarda, ki je da shugaban makaranta wurin mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa, ki kuma sanar da ƙungiyar iyaye da malamai. Ki tafi da zanen yara kamar ashirin a hannu, gani ya kori ji. Maganar siffar mutum ko dabba a bango hukuncinta na malaman addini ne, ba nawa ba, kuma unguwanni sun bambanta, abin da zai wuce a Samaru ko Sabon Gari ba lalle ya wuce a wani lungun Tudun Wada ba. Abin da na gani a aikace shi ne, in aka tsaya ga kayan aiki, tsirrai, gine-gine da zanen gargajiya, ba a samun matsala, kuma aikin ba ya raguwa da komai.

Akwai abin da ni kaina nake hanawa ko ba wanda ya yi magana. Ba a sa aya ko sunan Allah a katangar da ke bakin titi, inda kwata ke bi, ƙura ke sauka, wani ma ya raɓe ya yi fitsari. Wannan ya shafi sunayen yara irin su Abdullahi da Abdurrahman. Kuma ko ba don haka ba, ban ga amfanin rubuta cikakken sunan yarinya 'yar shekara goma sha uku a titi ba. Harafin farko ya isa, ko yaron ya dangwala babban yatsansa a kusurwa. Tambarin jam'iyya ma kada ya shiga, ko alamar da za ta sa wani ɗalibi ya ji bangon ba nasa ba ne, don ajinki na san ba a rasa Musulmi da Kirista, Bahaushe da wanda iyayensa suka zo daga nesa.

In da hali, ki ware tayil goma na iyaka ki ba mutanen unguwa su yi: mai gadi, mai ƙosan bakin ƙofa, wani dattijo. Bangon da mai gadi yake da tayil a jikinsa ba a manna masa fastar siyasa.

Yumɓu, siminti, ko tayil ɗin kasuwa

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayo farin tayil a kasuwar Sabon Gari yara su yi masa fenti. Ita ce kuma wadda ba na ba ki shawara in bangon na waje ne. Fuskar tayil ɗin gilashi ce, fenti ba ya kama ta, rana da ƙurar hunturu da ruwan damina za su ɓare shi kamar ɓawon albasa. In dole ce ta sa, a juya a yi zanen a bayansa mai kaushi, a kuma liƙa a baranda inda ruwa ba ya kaiwa.

Siminti shi ne mafita in tanderu ya gagara. Awo ɗaya na siminti, biyu zuwa uku na yashin da aka tankaɗe, a zuba a firam kaurin santimita 2, yaro ya danna fasassun tayil ko tsakuwa ko ya tona zanensa. Ana iya zuba jan garin nan da ake sa wa simintin daɓe don launi. Yana da ƙarko ƙwarai in an shayar da shi ruwa kwana bakwai. Aibinsa biyu ne: yana cin hannu, dole kowane yaro ya sa safar hannu, kuma ba ya jira, yaro mai nawa zai tarar ya fara ƙamewa kafin ya gama tunani.

Ni dai yumɓu na fi so, don yana haƙuri da yaro. In ya ɓata ya shafe ya sake. Kuma muna da shi, masu aikin tangaran a Samaru sun daɗe suna ɗebo yumɓu daga Bomo. A jiƙa shi, a tace tsakuwa da saiwoyi, sannan a daka tsingaro a tankaɗe a zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Wannan dabarar tsofaffin maginan tukwane ce, ita ke rage tsagewa da lanƙwashewa. Ki lissafa kilo ɗaya kowane tayil, kuma ki shirya na 150, ba 120 ba. Yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, sau da yawa kusan kashi goma cikin ɗari, don haka firam ɗin zai zama wajen santimita 17, kauri ɗaya da rabi. Ban taɓa naki yumɓun ba, shi ya sa nake so ki yi gwaji: ki ja layin santimita 10 a jikin ɗanyen tayil, bayan gashi ki sake aunawa, sannan ki ba kafinta awo.

Launin ma daga ƙasa za ki samo. A dama farar ƙasa da ɗan yumɓun kanta ta yi kaurin koko, a shafa tun tayil yana da danshi, in ya ɗan sha iska a tona da ƙusa jan ya fito ta ƙasa. Kada ki yarda wani ya kawo miki ruwan ƙyalli da ba a san haɗinsa ba, wasu suna da dalma, guba ce ga yara. Ba ma sai an sa ƙyalli ba. A Turai ruwa ne ke daskarewa a cikin gasasshen yumɓu ya fasa shi, mu nan ba mu da wannan, jan tayil da ya gasu sosai zai daɗe a waje.

Bushewa da gashi

A nan na taɓa yin asara, kuma har yau tana damuna. Cikin watan Disamba ne, iska tana kaɗawa. Yara suka gama da azahar, muka jera a kan benci kusa da taga muka tafi. Washegari na tarar kusurwoyi sun ɗaga sama kamar busasshiyar ganda, wasu sun tsage daga gefe zuwa tsakiya. Sama ya bushe ya tsuke, ƙasa yana nan jiƙe, dole ya lanƙwashe. Kusan kashi ɗaya cikin uku muka sake, kuma na ga yaron da ya ɗauki nasa gida biyu a hannu yana ƙoƙarin haɗawa, bai ce komai ba.

Don haka a shanya a ɗaki mai rufaffiyar taga, a kan katako da aka shimfiɗa wa jarida, a lulluɓe da leda sako-sako kwana huɗu ko biyar na farko, ana juyawa kullum. Sati biyu zuwa uku ba su yi yawa ba. In kika kara tayil a kumatu kika ji sanyi, da sauran ruwa a ciki. Kafin ya ƙame, a karce bayansa da cokali mai yatsu don siminti ya sami abin kamawa, a kuma tona lamba, ki rubuta lambar da sunan mai ita a littafi.

Gashin gargajiya da kara da itace na tukunya ne, wadda zagayenta ke ba ta ƙarfi. Abu mai faɗi a buɗaɗɗiyar wuta gefe ɗaya yake fara zafi ya fashe. Ki nemi tanderu. Sashen koyar da tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ki rubuta takarda ta hannun shugaban makarantarku ki nemi taimako ko a haɗa ki da tsofaffin ɗalibansu masu tanderun gas, ki kuma sa kuɗin gas a lissafi tun farko. Zafin da ake so wajen digiri 1000 zuwa 1100 ne. Ki roƙi mai gashin ya tafi a hankali da farko har ruwan da ya rage ya fita, da kuma wajen digiri 573, inda yashin cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, sannan kada a buɗe sai ya huce. Duk da haka wasu za su fashe. Amfanin ƙarin yumɓun nan ke nan: duk yaron da nasa ya fashe ya sake, kada a liƙa bango da gurbin ko mutum ɗaya.

Ranar liƙawa

Ki fara jera su a ƙasa a babban ɗaki, ki hau tebur ki duba daga sama. Kada ki tara masu kyau a tsakiya ki tura sauran gefe, yara suna gane wannan nan take. Ki bi launi, masu yawan fari su watsu, masu duhu su watsu, mai cunkoso kusa da mai sarari. In kin gamsu, ki ɗauki hoto ki rubuta lambobin a takarda yadda suke.

Katangar kanta sai birkila ya duba, ni ban gan ta ba. Ta bulo ce ake so, mara tsagewa, a kankare tsohon fenti har a kai ga filasta. A fara daga kamar mita ɗaya sama da ƙasa saboda danshi da fantsamar ruwa, a yi ɗan baki a sama da zai kare ruwa kada ya bi ta baya. In tana kallon gabas ki ƙara kula, don ta nan hadarinmu ya fi bugowa da iska, tsofaffin magina ma bangon gabas suka fi ba makuba, shafen nan da ke kare ginin ƙasa daga ruwa. In da kwaɓin siminti za a liƙa, a jiƙa gasasshen tayil tukuna, in ba haka ba zai shanye ruwan kwaɓin ya saki daga baya. Mai sa tayil ya yi aikin, amma kowane yaro ya miƙa masa nasa da hannunsa.

Ɗan mai shayin nan, ranar da aka buɗe bango, babansa ya zo da tsummansa a kafaɗa. Ya bi layi-layi da yatsa har ya kai kan kofunan nan biyu, ya daɗe a tsaye, sannan ya koma ya kira abokan teburinsa su zo su gani.

Game da lokaci, ki yi zane da zagayen gari a farkon zangon farko, a ƙera bayan ɗaukewar ruwa, a gasa cikin Janairu, a liƙa kafin ruwan farko, da sassafe ko da yamma saboda zafin bazara. Farashin siminti da gas ki tambaya a makon da za ki saya. A wannan makon kuwa abu biyu kawai nake so ki yi: ki ƙera tayil biyar na gwaji da layin santimita 10 a jikinsu, ki kuma nemi ranar da za ki ga mai unguwa. In na gwajin sun fito daga wuta, ki rubuto mini nawa layin ya koma, mu fitar da awon firam tare.